Shekarar da Na Nemi Ƙanzo a Tukunyar Amarya

Bari in amsa laifina da bakina, kafin wani ya riga ni ya ƙara masa gishiri: ni ne na lalata tukunyar auren mahaifiyarka. Ni kawunka Sadiƙu, da hannuna na dama, da cokalin ƙarfe, wata Asabar da rana tsaka. Amma ban ƙone kicin ba, kamar yadda ake faɗa a gidanmu duk ranar Sallah. 'Yan kwana-kwana ba su zo ba. Maƙwabta ba su fito da katifunsu a ka ba. Tukunya ɗaya ce tak, ita ɗin ma ba ta mutu gaba ɗaya ba.

Walid, yau watanninka goma sha ɗaya, haƙoranka huɗu, kuma iyakar abin da ka sani game da takarda shi ne a tauna ta. Ni kuwa tsufa ya fara kama ni. Shekarata goma sha takwas, jiya ma na tsinci wani farin abu a kan matashina da nake zargin furfura ce, ko da yake Umma ta ce zaren bargo ne. Shi ya sa na ga gara in rubuta maka gaskiya tun ina da sauran ƙarfi, don na san halin mahaifiyarka. Yayata ce, na daɗe da saninta kafin kai. Kafin ka shiga firamare za ta mayar da labarin nan ya zama na ƙone unguwarmu Jikwoyi har zuwa Karshi.

A shekarar da za a yi bikinta, Abuja gini take yi kamar ana bin ta da bulala. Ka wuce fili da safe awaki na kiwo, ka dawo da yamma ka tarar da bene hawa uku, har da maigadi yana tambayarka wa kake nema. Abba, kakanka, yana aiki a wata ma'aikatar tarayya, yana idar da sallar asuba yake tayar da mota saboda cunkoson Nyanya. Yaya Maryam kuwa, mahaifiyarka, ta samu aiki a wani ofishi mai kula da muhalli, tun daga ranar gidanmu bai sake hutawa ba. An hana ƙona leda a bayan gida. An hana barin famfo yana ɗiga. Na taɓa wurga ledar ruwa ta tagar mota, ta sa aka tsaya, na koma baya da ƙafa na ɗauko, 'yan okada suna yi mini tafi. Ni a lokacin ina da shekara goma sha shida, ni ne auta, kuma sarauta ɗaya nake riƙe da ita a duniya: ni ne Sarkin Ƙanzo. Duk abin da ya kama a gindin tukunya, na dafa-duka ne ko na tuwo, nawa ne. Ba wanda ya isa ya jiƙa tukunya sai na gama da ita. Umma na da wata tsohuwar tukunyar ƙarfe mai baƙin gindi wadda ta girme ni, ita ce fadata, cokali ne sandana.

Da aka sa rana, Gwaggo Talatu, yayar Abba, ta bugo waya daga Zariya. Ita ke jagorantar jeren duk wata yarinya a danginmu, kuma muryarta ba ta buƙatar a buɗe lasifikar waya.

"A sayi tukwane saiti shida, kuloli saiti huɗu, tangaran ya cika kabad har sama. Dangin miji in sun shigo, idonsu ya rasa inda zai sauka."

"Gwaggo, ciki nawa gare mu?" in ji Yaya. "Mu biyu ne fa. Guda biyar masu kyau sun ishe ni, waɗanda zan yi girki da su, ba waɗanda zan riƙa goge wa ƙura ba."

"Biyar? Ke 'yar nan, gidan miji za ki ko makarantar kwana?"

"Masu kyau ne, Gwaggo. Ba sa kamu, ba sa shan mai, ba sa cin gas."

"Oho, tukunyar boko! Na ga irinta a maƙwabta. Wata uku baƙin fentin ya fara ɓarewa yana bin miya. To shi ke nan. Ranar jere ni da kaina zan buɗe kwalin a gaban kowa, mu ga ƙarshen ilimi."

Abba ya ce a bar Maryam da zaɓinta, tun da ita za ta ci a ciki. Ka ga inda maganar ta tsaya, Walid. Mahaifiyarka ce mace ta farko a danginmu da ta ce wa Gwaggo a'a kuma ta kwana lafiya. In tukwanen nan suka fito da kyau ranar jere, ta fita kunya. In suka fito da aibi ko kaɗan ne, gorin zai bi ta har gidan miji, har kai ma da ba a haifa ba sai ka samu rabonka.

Aka tafi da ni babbar kasuwa a cikin gari a matsayin ɗan dako. Mun shiga shaguna har na daina jin ƙafafuna. Yaya ba ta sayen tukunya da ido. Sai ta ɗaga ta ta ji nauyin gindinta, wai mai kaurin gindi ce ke raba zafi daidai, ba ta lanƙwashewa. Ta jijjiga hannun ta ga ko ƙusoshinsa na rawa. Ta shafa cikin da yatsa ko akwai ƙurji, ta ɗora murfi ta ga ya zauna, sannan ta karanta jikin kwali kamar takardar jarrabawa. A ƙarshe muka faɗa shagon wani mai suna Oga Sande, ya jero mana baƙaƙe masu sheƙi.

"Hajiya, wannan shi ne kowa yana saya."

"Ba na son mai baƙin shafen nan, Oga. In wuta ta yi masa yawa wani hayaƙi yake fitarwa, in ya ɓare kuma sai bola. Mai shafen siramik nake so, wanda cikinsa yake kamar tangaran."

Oga ya dube ta ya ga ba ta wasa. Ya hau tsani ya sauko da wani kwali daga can saman kanta. Tukwane huɗu da kaskon suya, bayansu kore shar, cikinsu fari kamar nono.

"Shi kaɗai ya rage," in ji shi. "Wannan tukunya, ko ka manta shi a wuta ka tafi Kaduna ka dawo, abinci ba zai kama ba."

"Oga, daina faɗin haka," Yaya ta ce tana dariya. "Wani zai yarda."

Wanin nan yana tsaye a bayanta, ya buɗe baki.

Gaskiya ba yarda na yi ba, haushi na ji. Tukunyar da ba ta ƙanzo? Ai wannan cin fuska ne ga masarautata. Maganar ta tsaya mini a wuya har kwana takwas. Ranar Asabar, saura mako biyu jere, Umma da Yaya suka tafi wurin tela, Abba ya tafi ɗaurin aure, gida ya zama nawa. Na yanka salatif ɗin kwalin a hankali kamar likita, na zaro ta tsakiya. Na ɗora ta a kan gas babu komai a ciki, na murɗe wuta har ƙarshe, wai ta ɗumama. Na haɗa dafa-duka, ruwa ya tsotse, na ƙi saukewa. Na ba ta lokaci, na ƙara mata lokaci, har hayaƙi ya kori ƙadangarun da ke kan katanga. Na yi nasara kuwa, ƙanzo ya fito, baƙi ƙirin kamar kwalta. Na sa cokalin ƙarfe na kankare da ƙarfin da ban taɓa sa wa karatu ba. Da na ga wani ya ƙi fita, na kai ta ƙarƙashin famfo da zafinta, ta yi wata ƙara tas, kamar an mari mutum. Na bi ta da soson ƙarfe da toka. Da na ɗauraye na duba cikinta a rana, sai na ga taswirar layukan Jikwoyi bayan ruwan sama, har da kwalbatoci. Na goge ta, na mayar da ita ledarta, na cusa ta a tsakiyar 'yan'uwanta, na liƙe kwali. Ƙanzon kuwa kajin maƙwabta ma sun ƙi shi.

Kwana goma ina ɗauke da abin nan a cikina. Na daina cin ƙanzo. Umma ta miƙo mini tukunyarta mai baƙin gindi, na ce na ƙoshi, ta taɓa goshina ta ce wa Abba a kai yaron nan asibiti. Kuma abin da ya fi damuna shi ne, hanyar tsira a buɗe take. In na yi shiru, ba mai cewa ni ne. Za a buɗe kwali a gidan amarya, a ga tukunya a ƙwarzane, a ce haka ta zo daga kanti, Gwaggo ta tafa hannu ta ce ba ta faɗa ba. Ni in fita fes. Yaya ce kawai za ta sha.

Saura kwana biyar Gwaggo ta iso da jakunkuna bakwai. Tana shiga ɗakin ajiya ta bubbuga kwalin da tafin hannu ta ce, "Ga ilimin nan a kwance, Allah ya kai mu Asabar." Washegari da hantsi na tarar da Yaya a tsakar gida tana yanka tsohuwar atamfa zagaye-zagaye, wai za ta riƙa sa wa tsakanin tukwanen in ta jera su, don kada gindin wata ya goge cikin wata.

"Auta, zo ka riƙe mini nan," ta ce. Na riƙe. Tana yanka tana murmushi ita kaɗai. "Ka san amarya ba ta zuwa jere, Umma ma ba za ta je ba. Kai za ka kai kayan. Ka riƙe mini kwalin nan a cinyarka, kada a ɗora masa komai. Kai kaɗai na yarda da kai."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na saki atamfar.

"Yaya, akwai magana."

Na ɗauko kwalin da kaina na buɗe a gabanta. Ta ɗaga tukunyar, ta juya ta, ta daɗe tana kallon taswirar.

"Me ka dafa a ciki? Tayar mota?"

"Dafa-duka."

"Don me?"

"Ƙanzo nake nema."

Ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa. Ta yi ta yi har hawaye ya zo, dariyar ta ƙare, hawayen bai tafi nan da nan ba. Wannan ɗan tsakanin shi ne wuri mafi tsawo da na taɓa tsayawa a rayuwata. Sannan ta share ido da bakin mayafi.

"Ya yi daɗi?"

"Ɗaci gare shi."

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Sa takalminka."

Muka koma wurin Oga Sande. Ya leƙa cikin tukunyar ya ce wannan ba girki ba ne, yaƙi ne. Irinta kuwa babu, sabon kaya bai iso ba. Yaya ta ce ba za ta cike gurbin da baƙar tukunya don a ƙirga biyar ba. Umma ce ta kawo shawara da muka faɗa mata: a je Orozo wurin Mama Jummai, wata dattijuwar Bagwariya da Umma ta shekara goma tana sayen doya a hannunta, wadda kuma take gina tukwanen ƙasa a bayan gidanta. Umma ta ce in dai tukunyar da ba ta cutar da ƙasa ake nema, ga wadda aka yi da ƙasar kanta.

Mun tarar da Mama Jummai a ƙarƙashin mangwaro, tukwane a kife kewaye da ita. Ta ji labari daga farko har ƙarshe, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne ya kashe tukunya? Zo nan. Kai za ka zaɓa."

Ta koya mini in ƙwanƙwasa kowace da bayan yatsa. Wadda ta yi ƙara garau ta gasu da kyau, wadda ta amsa a dushe tana da tsaga a ɓoye. Na ƙwanƙwasa sun fi ashirin kafin ta gyaɗa kai a kan wata ja mai faɗin baki. Sannan ta yi mini bayanin yadda ake gyara sabuwar tukunya kafin a fara girki da ita: a jiƙa ta ta sha ruwa ta ƙoshi, a shanya a inuwa, a shafe cikinta da man gyaɗa, a dama kunu mai ruwa-ruwa a cikinta a kan wuta kaɗan don ya toshe ƙofofinta.

"Tukunya ba ya son gaggawa," in ji ta. "Na ƙasa ne, na Turawa ne, duka ɗaya. Ka ba shi wuta kaɗan-kaɗan. In yana zafi, kada ka ba shi ruwan sanyi. Kai in kana zufa aka watsa maka ruwan firiji, za ka ji daɗi?"

"Zan ji, Mama."

"Shi ya sa kai ba tukunya ba ne. Ɗauka ka tafi."

Ba a dake ni ba. Na so a dake ni a wuce wurin. Maimakon haka Yaya ta ɗora mini aikin tukunyar nan kwana uku cur, kuma ranar dama kunun ta faɗa daidai ranar wasan ƙarshe na ƙwallon unguwa, ni ne kuwa mai tsaron gida. Ina jiyo ihun fili daga nesa, ina tsugune a bayan gida da muciya, ina gadin wutar da ba ta fi ta ashana ba. An zura wa wanda ya maye gurbina ƙwallo huɗu, abokaina sun yi wata guda ba sa amsa sallamata. Bayan haka Yaya ta sa na wanke sauran huɗun da ruwan ɗumi da soso mai laushi, na tsane su da tsumma, na jera su da atamfa a tsakani. Tana tsaye a kaina tana tambaya ina amsawa kamar hadda. Cokali? Na katako. Wuta? Matsakaiciya. A ɗora ta babu komai a ciki? Haram. In wani abu ya kama? A bari ta huce, a jiƙa, ya saki da kansa.

Ranar Asabar muka ɗauki hanyar Tungan Maje, inda gidan mahaifinka yake a lokacin, kwali a cinyata kamar jariri. Na shigar da kaya, aka kore ni waje don jere aikin mata ne, na zagaya na tsaya a bakin tagar kicin. Mata sun cika ɗakin, namu da dangin ango, har da Hajiya Kaka, kakar mahaifinka, a kan kujera da sandarta. Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali ta buɗe kwali.

"Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu." Ta zaro wani ƙunshi a atamfa, ta warware, sai ga jar tukunyar Orozo. "Ikon Allah! A hoton kwali biyar na gani. Ina ta biyar ɗin? Ta narke a hanya? Jama'a, ban faɗa ba?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Na ji ƙafafuna suna ba ni shawarar in kama hanyar Zuba. Amma Yaya ba ta nan, ni ne bakinta.

"Gwaggo, ni na lalata ta!" na faɗa ta taga.

Aka shigo da ni tsakiyar mata talatin, ko da yake a idona sun kai dubu. Na ba da labari tun daga Kaduna har soson ƙarfe. Wata ta riƙe ciki, wata ta nemi ruwa.

"Wato tukunyar da yaro zai kashe da cokali, ita za ta riƙe gida?" in ji Gwaggo.

"Gwaggo, ko jirgin sama aka ba ni a ranar da na lalata shi. Laifin direba ne."

Hajiya Kaka ta buga sandarta a ƙasa. "Surutu ya isa. A kawo ƙwai, a gwada mu gani."

Aka aika aka sayo ƙwai, aka haɗa gas. Na ɗiga mai sau uku a kaskon, na kunna wuta na rage ta, na ba shi ɗan lokaci, na fasa ƙwai.

"Ƙara wuta mana," in ji Gwaggo. "Sai la'asar za mu ci?"

"Ba ya son gaggawa, Gwaggo."

Mata suka matso suna leƙe. Farin ƙwan ya kama jikinsa. Na yi bismilla na karkata kaskon a kan faranti, ƙwai ya sulale ya sauka da kansa kamar ɗan biki ya ji an fara rabon abinci. Wata daga dangin ango ta rangaɗa guɗa. Gwaggo ta karɓi kaskon ta kai shi bakin taga tana neman aibi, ba ta samu ko ɗigo ba. Sai ta juya za ta tsoma shi a bahon ruwa.

"Gwaggo, a bari ya huce!"

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ga kowa ya daskare. Tun da aka kafa danginmu ba a taɓa ce wa Gwaggo ta jira ba. Ta dube ni, ta dubi kaskon. Ta ajiye shi a hankali a kan murhu. Sannan ta ja farantin gabanta ta cinye ƙwan tas, ta suɗe yatsa.

"Gishiri bai ji ba," ta ce.

Wanda ya san Gwaggo ya san wannan ita ce sallamawa. Aka jera tukwanen nan a tsakiyar kanta, inda ido ke fara sauka. Ana cikin haka Hajiya Kaka ta sa aka miƙo mata jar tukunyar. Ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ta saurara, ta sansana cikinta.

"Wa ya gyara wannan?"

"Ni ne, Hajiya."

"Kai ɗin dai? To, ashe kana da amfani. Rabona da miyar kuka ta tukunyar ƙasa tun ina ganin zaren allura. Ku gaya wa amarya na ara."

Ta tura ta ƙarƙashin mayafinta, ba wanda ya isa ya yi magana.

Da na koma gida na ba Yaya labari, sai da ta sa na maimaita wurin "a bari ya huce" sau huɗu, tana birgima a kan katifa da lalle a ƙafa, Umma na yi mata faɗa za ta ɓata zanen gado. Da yamma Umma ta miƙo mini tukunyarta mai baƙin gindi. Na karɓi sarautata.

Ga yadda abin ya ƙare, ba ƙari. Tukunyar Orozo ba ta kwana ko ɗaya a gidan mahaifiyarka ba, tana wurin Hajiya Kaka har yau, aron bai ƙare ba. Huɗun nan kore suna nan lafiya, babu ƙwarzane ko ɗaya, a ƙaramar ake dama maka kunu. Gwaggo ta tafi Zariya da wani sabon kaskon siramik a jakarta ta takwas, ta ce wata maƙwabciya ta saya wa, amma an gan shi a kicin ɗinta da cokalin katako a gefe. Wadda na lalata kuwa Yaya ta hana a jefar. Na huda gindinta da ƙusa, Umma ta shuka na'a-na'a a ciki. Tana nan a gindin famfo a Jikwoyi, kuma ni nake ba ta ruwa.